Nutso, Kurme da "Iya Ruwa Fidda Kai": Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin wannan makon duk na ruwa ne, galibinsu daga garuruwan bakin kogin Haɗeja da kewayen madatsun Tiga da Challawa.

Wani ɗalibi daga Auyo: Malam, mene ne bambancin iyo, ninƙaya, nutso da kurme? Na ji an ce a labarai "masu ninƙaya sun tsamo shi daga ƙasan ruwa".

Ɗana, wanda ya karanta wannan labarin bai taɓa zama da masunta ba. Iyo da ninƙaya abu ɗaya ne, tafiya a saman ruwa, wasu ma linƙaya suke cewa. Nutso kuwa shiga ƙarƙashin ruwa ne da gangan, da niyyar fitowa. Kurme nutso ne mai tafiya: yaro ya shige a nan, ya ɓullo can gindin kacalla. Wanda ya je ƙasan ruwa ya ɗauko wani abu, nutso ya yi. Mai ninƙaya yana can sama, bai ga komai ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne haɗa nutso da nutsewa. Nutsewa babu niyya a cikinta: dutse ya nutse, kwale-kwale ya nutse. In rai ya salwanta, sai a ce ruwa ya ci shi. Amma yanzu sai ka ga an rubuta "ya ƙware wajen nutsewa". To, Allah ya kiyaye mu da wannan ƙwarewa.

Wata malamar firamare daga Ƙaraye: Muna ganin masu nutso a Bahar Maliya da tulu a baya. Yara suna ce masa "tulun oksijin". Daidai ne?

Ba daidai ba ne, Malama, kuma kuskuren ya wuce na harshe. Abin da ke cikin tulun nan iska ce irin wadda muke shaƙa, an matse ta da inji: oksijin kashi 21 cikin 100, naitirojin kashi 78. Zallar oksijin, irin ta asibiti, guba ce ga wanda ya wuce zurfin mita 6, tana sa jijjiga, jijjiga a ƙasan ruwa kuwa kin san ƙarshenta. Ku ce tulun iska ko tukunyar iska, kamar yadda muka ce tukunyar gas.

Sauran kayan ma ba sai mun ari suna ba. Akwai gilashin fuska, wanda dole ya rufe har hanci. Akwai takalmin iyo mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, da rigar da ake hura wa iska don daidaita nauyi, da ɗamarar darma. Sai na'urar baki mai rage ƙarfin iskar tulu, wadda Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, suka ƙera a 1943.

Tulu mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne) yana ɗauke da lita 2,400 na iska. Mai shaƙar lita 20 a minti ɗaya zai yi awa 2 da shi a bakin gaɓa. A zurfin mita 10 awa 1 ce, a mita 30 rabin awa, domin kowace mita 10 tana ƙara matsi daidai da na dukan iskar da ke kanmu. Ba a kuma shanye shi tas, ana fitowa da ragowar bar 50. Allurar ma'auni da robar bakin tulu a kan tudu ake duba su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani dattijo daga Miga: Me ake nufi da "iya ruwa fidda kai"? Na ji wani yana fassara ta da son kai.

Baba, wannan ya ɓata karin maganar. "Kai" a nan yana ɗaukar ma'ana biyu, ƙoƙon kai da ke ɓullowa saman ruwa, da kuma mutum kansa. Ma'anarta: ba a shaidar gwaninta wajen shiga, sai wajen fita. Kowa na iya tsunduma. Ana faɗa wa wanda ya ci bashi, ko ya shiga shari'a ko siyasa yana cika baki. Son kai yana da nasa karin maganganun, ba wannan ba.

Ban san sana'ar da ta gaskata maganar nan kamar nutson tulu ba, domin akwai babban haɗari a hawowa. Mai kurme ya cika huhunsa a sama, ya sauka, ya dawo da iskar da ya tafi da ita, babu abin da ya ƙaru. Mai tulu kuwa matsattsiyar iska yake shaƙa a ƙasa. In ya cika huhu a mita 10 ya riƙe numfashi ya taso, kafin ya iso sama iskar ta ninka girmanta biyu, huhu ya yage. Shi ya sa dokar farko da ake koya wa ɗan koyo ita ce kada ya taɓa riƙe numfashi. Abin da ya zama gwaninta ga ɗan masunci shi ne ke kashe mai tulu.

Haɗari na biyu, naitirojin yana narkewa cikin jini da tsoka muddin mutum yana ƙasa. In ya taso da gaggawa sai ya yi kumfa a jiki, kamar kwalbar lemo da aka buɗe farat ɗaya: ciwon gaɓoɓi, jiri, wani lokaci shanyewar jiki. Maganinsa hawowa a hankali, kamar mita 9 a minti ɗaya, a tsaya minti 3 a mita 5, sannan a fito. Wanda ya yi nutso sau da yawa ba ya hawa jirgin sama sai bayan awa 18. Mai takardar shaidar koyon nutso ta farko iyakarsa mita 18, nutson shaƙatawa gaba ɗaya ba ya wuce mita 40, kuma ba a yin sa sai mutum biyu.

Mai kurme ma yana da nasa tarkon. Yaran da ke yin haki da sauri kafin su shige, wai su daɗe, suna kashe ƙararrawar da ke gaya wa jiki lokacin numfashi ya yi. Sai mutum ya suma a ruwan da bai kai tsayinsa biyu ba.

Daga Ringim: Kurme daga kurma aka samo shi, tunda ba a ji a cikin ruwa?

Kamannin kalmomin biyu ne kawai ya ruɗe ka. Ana ji a ruwa sarai, sauti ma ya fi gudu a can fiye da ninki 4, sai dai ba ka gane daga ina ya fito. Magana ce ba ta yiwuwa, sai alama da hannu. A wurin masu nutso ɗaga babban yatsa na nufin "mu hau sama", ba "lafiya lau" ba.

Wani matashi daga Wudil: Bututun da masu kallon kifi ke sa wa a baki suna kwance a saman ruwa, me za mu kira shi? Me ya sa ba a tsawaita shi?

Bututun numfashi. Tsayinsa kamar santimita 40 ne. In ya yi tsawo, iskar da ka fitar ita za ka riƙa mayarwa, ga shi ƙirji ba ya iya buɗewa da nauyin ruwa ko a zurfin mita 1. Kada wani ya gwada da tiyo a dam. In ruwa ya shiga bututun, busa ɗaya mai ƙarfi ke fitar da shi.

Wata uwa daga Kafin Hausa: Murjanin da muke ɗaurawa dutse ne?

Kalmar Larabci ce, tana cikin Suratur Rahman tare da lu'ulu'u. Ba dutse ba ne kuma ba tsiro ba: ƙananan halittun teku ne ke gina shi a jikinsu. Jan da ake yin ado da shi galibi daga Bahar Rum yake. Na gaɓar Jidda da Masar da ake zuwa kallo wasu iri ne, ba a taɓa su, ba a taka su, akwai ma mai ƙuna kamar wuta. Mafi yawan abin da ke kasuwanninmu da sunan murjani kwalba ce ko roba.

Daga Guri: Kunkurun teku ko kififiyar teku?

Kunkuru na tudu ne, kififiya ta ruwa. Kififiyar teku. Da huhu take numfashi, don haka ba a tare mata hanyar sama.

Daga Ɓagwai: Me ya sa ake ce wa mai ƙaton ciki talibamban?

Kifi ne da ke haɗiyar ruwa ya kumbura in ya tsorata. Yana da 'yan'uwa a teku, masu guba a hanta.