Zanen dajin Turai lokacin kaka

"Maigida, na gama dajin kakar nan na Turai, amma ja da ruwan ɗorawar sun dagule kamar laka, barewar kuma sai ka ce liƙa ta aka yi. Ina na kuskure?"

Garaje ka yi, ɗana. Ka ɗora ruwan goro a kan shuɗin sama tun bai bushe ba, su kuwa in suka gauraya datti suke haifarwa. Fentin akirilik minti 15 zuwa 20 ya ishe shi, da hunturu ma bai kai haka ba. Jira shi.

Ɗauko sabon kyalle. Shafe shi duka da ruwan ƙasa mai ja-ja, ka tsinka shi sosai da ruwa, don kada fari ya riƙa leƙowa. Fara da bishiyoyin nesa: fari kashi uku, shuɗi ɗaya, ɗigon ja, su fito dishi-dishi kamar an hango su cikin hazo.

Ganyen gaba hawa uku ne. Na farko mai duhu, ja da ruwan ƙasa. In ya bushe, ruwan goro a kan kamar rabinsa. Ruwan ɗorawa a ƙarshe, kaɗan, kuma gefen da rana take kawai. Da soso za ka dangwala, kana juya hannu, in ba haka ba tambari ɗaya zai yi ta maimaituwa. Bar 'yan ramuka inda sama ke leƙowa. Ka kuma tsayar da koriyar bishiya ɗaya ko biyu irin masu ganye kamar allura, waɗanda ba sa zubar da ganye. Kusa da kore ne ja ke yin wuta. Baƙin fenti na gwangwani kuwa ajiye shi, kashe hoto yake yi. A maimakonsa haɗa shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa.

Barewarka tana shawagi ne don ka zana kofatanta fes a kan ƙasa. A watan Oktoba ganye ya rufe ƙasan dajin, saboda haka binne kofatan cikinsa, ka ja inuwa siririya ta bi inda inuwar bishiyoyi ta bi. Shafa ɗan ruwan goro a kan cikin barewar, hasken ganye ne ke dawowa jikinta. In namiji ne, bari reshe ɗaya ya gitta ƙahonsa.

Kuma akirilik yana ƙara duhu in ya bushe, don haka haɗa launinka ya ɗan fi yadda kake so haske.