Nisan Katsina zuwa Jidda a jirgin sama

Malam, ka tambaya nawa ne nisan Katsina zuwa Jidda, kuma awa nawa mahaifiyarka za ta yi a sama. Allah ya kai ta lafiya, ya sa ta yi karɓaɓɓiya.

A miƙe, daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa Jidda kusan kilomita 3,500 ne. Madina ta ɗan fi, wajen 3,600. Jirgi ya bi ta Nijar da Chadi da Sudan, ya tsallake Bahar Maliya, shi ke nan an bar Afirka an shiga Asiya. A haka awa huɗu da rabi zuwa biyar ne. Amma da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 aka rufe samaniyarta, jirage suka koma zagaye, tafiyar ta ƙaru sosai.

Saudiyya ta riga mu da awa biyu, kada lissafin ya rikita ka.

Don Allah ka ce mata ta riƙa tashi tana miƙe ƙafa, ta sha ruwa. Tawa gyatumar ta sauka ƙafa a kumbure, silifas ma da ƙyar ya shiga.