Tambaya da Amsa: Kawunan Tagulla na Masarautar Benin

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan jin cewa Najeriya na neman Turawa su maido da kayan tagulla na Benin. Da me aka ƙera su, kuma shin kayan ƙawa ne kawai ko suna da wata ma'ana a wurin masu su? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Benin ɗin da ake nufi ita ce tsohuwar masarautar mutanen Edo, wadda fadarta ke Jihar Edo a yau. Masu zubin 'yan ƙungiyar Igun Eronmwon ne, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni, kuma a da Oba, wato sarkin Benin, kaɗai suke yi wa aiki. Sukan gina siffar da yumɓu, su lulluɓe ta da kakin zuma, su fitar da idanu da tsaga da jerin duwatsun wuya a jikin kakin, sannan su sake rufe ta da yumɓu. Idan aka gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, sai a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa, bayan ta huce a fasa yumɓun. Tagullar da yawa ta fito ne daga mundayen da fataken Fotugal suka riƙa kawowa tun ƙarshen ƙarni na 15.

Ma'anarsu ta zarce ƙawa nesa ba kusa ba. Duk Oban da ya hau karaga yakan sa a zuba siffar kai ta tagulla domin mahaifinsa, a ɗora shi a kan dakalin kakanni a cikin fada, a kafa sassaƙaƙƙen hauren giwa a bisansa, kuma a nan ake yanka da roƙon albarkar magabata. A aƙidar Edo, kai ne mazaunin rabo da basirar mutum, saboda haka kan sarki na ɗauke da arzikin ƙasa baki ɗaya. An zaɓi tagulla domin ba ta ruɓewa, kuma suna ganin jan launinta na korar sharri. Murjanin da ke wuyan sarki kuwa ana danganta shi da Olokun, abin bautarsu na teku.

A 1897 sojojin Birtaniya suka ci birnin Benin, suka kwashe dubban kayan, aka kuma kai Oba Ovonramwen Kalaba. Jamus ta fara maido da nata a 2022, amma gidan tarihin Birtaniya da ke Landan na riƙe da ɗaruruwa har yanzu. A ganina hujjar riƙe su ba ta da ƙarfi, domin daga dakalin iyayen wasu aka ɗauke su, kuma zuriyar masu su na nan a fadar.