Ƙin zagin ɗan takarar wata jam'iyya zagon ƙasa ne?

Malam, ka tambaya ko ƙin zagin ɗan takarar shugaban ƙasa na wata jam'iyya cin amanar taka jam'iyyar ne, tunda 'yan mazaɓarku sun fara yi maka kallon ɗan zagon ƙasa. A'a. Biyayyarka ita ce ka fita kamfe, ka kaɗa ƙuri'a, ka tsare akwati. Jonathan da Buhari ma sun sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja a 2015, kowa yana jam'iyyarsa.

Nan Tudun Wadan Zariya na ga maƙwabta biyu sun daina gaisawa saboda fosta, har ɗaya ya ƙi zuwa sunan ɗan ɗayan. Abin ya yi mini ciwo. Sharaɗi ɗaya dai: kada ka karɓi ko mudun shinkafa daga wancan ɓangaren.