Hukuncin koya wa ƙananan yara waƙa da kiɗa a aji

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni malama ce a ajin yara 'yan shekara 4 zuwa 6. An saka mini darasin waƙa a jadawali, aka kuma ajiye mini fiyano a lungun aji. In ba da waƙa ba, ba na iya riƙe hankalinsu ko na minti goma: wannan ya shige ƙarƙashin tebur, wancan yana jan rigar ɗan'uwansa. Amma zuciyata ba ta natsu ba. Ina cikin zunubi?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Malama, tambayarki ta haɗa abubuwa uku, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne: murya, bandiri, da sauran kayan kiɗa.

Rera waƙa da murya kawai, in kalmominta masu tsabta ne, halal ne. A ranar haƙa ramin Khandaƙ, Manzon Allah (SAW) yana ɗaukar ƙasa yana rera baitocin Abdullahi ɗan Rawaha, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Malamai ma sun daɗe da gane cewa abin da aka rera ya fi zama a kai, shi ya sa suka mayar da nahawu da tajwidi waƙe. Saboda haka ki rera musu baƙaƙe, ƙidaya, sunayen watanni da ladubban cin abinci, babu komai a kanki.

Game da bandiri kuwa, dubi hadisin Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz a Bukhari. Annabi (SAW) ya shiga wurinta washegarin tarewarta, ƙananan 'yan mata suna buga duffi, wato bandiri, suna ambaton iyayen da aka kashe a Badar. Sai ɗayarsu ta ce a cikinmu akwai Annabin da ya san abin da zai faru gobe. Ya ce mata ta bar wannan, ta koma ga abin da take faɗa a da. Ki lura da kyau: bai karɓe duffin ba, bai kori yaran ba, baiti ɗaya ya gyara. Wannan shi ne aikinki a aji. Ki tace kowace waƙa kafin ta shiga bakin yaro, domin abin da ya haddace yana ɗan shekara biyar da wuya ya fita. Wasu malamai sun taƙaita duffi ga aure da idi, wasu sun faɗaɗa, kuma ni ina ganin akwai sauƙi a kansa ga ƙananan yara.

Fiyano, jita, sarewa da makamantansu su ne wurin saɓani. Abin da ya shahara a mazhabobi huɗu shi ne hani, bisa hadisin Abu Malik Al-Ash'ari da ya ambaci mutanen da za su halatta zina, alharini, giya da kayan kiɗa. Ibn Hazm, wanda ya rasu a 456 bayan Hijira, ya raunana hadisin ya halatta kayan kiɗa, amma Ibn Salah da Ibn Hajar sun mayar masa da martani, kuma hujjarsu ta fi ƙarfi a wurina. Kada a ce ai yara ba a rubuta musu zunubi. Haka ne, amma ke baliga ce, kuma ke kike bugawa. Don haka ki bar fiyanon, ki nemi shugaban makaranta cikin ladabi ya yarda ki yi darasin da murya da bandiri. In ya ƙi, ki nemi a ba wani malami darasin, ba sai kin ajiye aiki ba. Wanda kuma ya bi ɗaya ra'ayin bisa ilimi, kada ki fasiƙantar da shi.

Batun riƙe hankalinsu, ba fiyano ke yin sa ba. Ibn Mas'ud ranar Alhamis kawai yake wa'azi, da aka nemi ya riƙa yi kullum sai ya ƙi, ya ce Annabi (SAW) yakan tsallake musu kwanaki don gudun kada su ƙosa. Manyan sahabbai ke nan, ina ga ɗan shekara huɗu? Ki gajarta waƙa, ki ba da baiti su yi amshi, su tashi su nuna abin da suke faɗa da hannu. Wanda ya fi ƙiriniya, shi za ki miƙa wa bandirin, ko ki sa shi ya ja baiti. Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba ko kaɗan: ɗora ayoyin Alƙur'ani a kan karin waƙa ko bugun bandiri don a sauƙaƙa hadda.

Allah ne mafi sani.