Amsoshin Tambayoyinku: Kwaɗo a Akwati, Mabuɗi a Hannun Baƙo

Wani ɗan'uwa daga Gusau ya ce kamfanin da ke ajiye masa shafinsa yana neman ya biya kuɗin takardar SSL, wato takardar shaidar da ke tsare sadarwa tsakanin shafi da masu ziyara, duk shekara, kuma da dala. Ya biya?

Kar ka biya, sai in dalar ce ta yi maka yawa. Let's Encrypt suna ba da takardar kyauta, kwana 90 take yi, manhajar certbot kuma za ta riƙa sabunta ta kana barci. Ɓoye saƙon da ta kyauta ke yi daidai yake da na ta kuɗi.

Wata ɗaliba daga Zariya ta rubuto hankali a tashe. Ta haɗa ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi 4 tana tura bayanai zuwa saba (kwamfutar da ke karɓar bayanan ta intanet), amma in aka ɗauke wuta aka dawo, wani lokaci sai ta ƙi haɗuwa, ta ce wai takardar ba ta fara aiki ba. Ga ranar kare aiki ta matso.

Kwantar da hankalinki, ƙanwata, ba ki ɓata komai ba. Agogo ne. Wannan na'ura ba ta da batirin agogo, sai ta farka da tsohuwar rana, ita kuwa TLS, tsarin tsare sadarwa da ya gaji SSL, tana duba kwanan watan takarda. Ki sa manhajarki ta jira agogo ya daidaita ta NTP, hanyar saita agogo ta intanet, kafin ta buga wa sabar. In intanet ɗin wurin ba tabbas, ki sayi ɗan agogon DS3231 mai batiri ki jona. Allah Ya ba da sa'a.

Sai wani matashi daga Kano mai rubuta manhajar karɓar kuɗi da PHP. Curl, abin da manhajarsa ke tuntuɓar saba da shi, ya yi ta ƙorafin takarda, abokinsa ya ce ya mai da CURLOPT_SSL_VERIFYPEER zuwa false, wato ya kashe binciken takarda, yanzu komai na tafiya sumul. Wai akwai matsala?

Haba malam! Wannan ciwon ne ya fi damuna a harkar nan, kuma ya zama ruwan dare: masu Python suna da verify=False, masu curl suna da -k. Aiki biyu TLS ke yi. Tana ɓoye saƙo, sannan tana tabbatar maka wanda ka buga wa shi ne ya ɗauka. Kai ka bar na farko ka kashe na biyu. Kamar ka zuba kuɗi a akwati ne, ka danna kwaɗo, ka je tasha ka miƙa akwatin da mabuɗin ga duk wanda ya ce shi ne direba. Wanda ke riƙe da wayifayin otal ko na shagon intanet zai iya tsayawa tsakaninka da sabar, ya nuna takardar da ya ƙera a ɗakinsa, manhajarka ta karɓa da hannu bibbiyu. Lambobin katin mutane kuwa a fili zai karanta su.

Kuma na san zancen: "na gwaji ne kawai, zan gyara." Sau nawa na buɗe manhajar da ke aiki shekara da shekaru na tarar da layin nan yana zaune daram!

Gyaran bai kai minti goma ba. Galibi jerin takardun amana ne babu a kwamfutarka. Ɗauko cacert.pem daga shafin curl, nuna wa curl.cainfo hanyarsa a php.ini, ka mai da layin zuwa true. Ka duba OpenSSL ɗinka ma, wato manhajar da ke yin aikin TLS ɗin: an daina yi wa 1.1.1 gyara kyauta tun Satumban 2023. Ka tsaya kan TLS 1.2 ko 1.3, don na ƙasa da su an yi musu ritaya a 2021.

Na ƙarshe, wani ya ce tunda ɓarakar tsaro ta Heartbleed ta fallasa OpenSSL a 2014, shi zai rubuta nasa tsarin ɓoye saƙo.

A'a. Masana da suka tsufa a fagen ma sun yi tuntuɓe, kai da ka fara bara fa? In OpenSSL ce ba ka so, ga LibreSSL ta mutanen OpenBSD, ga Mbed TLS don ƙananan na'urori. Zaɓi ɗaya, ka riƙa sabunta ta.