Wayo daban, hankali daban: amsar wasiƙu biyu daga Tawa

Wani malamin makaranta daga Tawa ya aiko da tambaya. A ajinsa akwai yaro ɗan shekara 16 wanda lissafi ba ya yi masa gardama, amma kullum shi ne cikin faɗa, kuɗin da aka ba shi na mako kuma a yini ɗaya yake cinyewa. Uban yaron ya ce: "Wayo kam akwai, hankali ne babu." Malamin yana so ya san ko kalmomin biyu ba abu ɗaya suke nufi ba.

Malam, uban yaron nan ya san Hausa. Wayo saurin gano hanya ne: ta ina za a ci riba, ta ina za a kuɓuta. Shi ya sa Gizo ne gwanin wayo a tatsuniya, amma ba wanda ya taɓa kiransa mai hankali, tunda sau da yawa kwaɗayi ke kai shi ya baro. Hankali kuwa aro muka yi daga "aƙlu" na Larabci, kamar yadda Zabarmawa suka ara suka ce "lakkal". A Larabcin, tushensa ɗaya da "iƙal", igiyar da ake ɗaure ƙafar raƙumi da ita. Ba'adare, mutumin yankinku na Adar, ba ya bukatar a yi masa bayanin dabaibayi. Hankali shi ne abin da ke riƙe mutum sa'ad da zuciya ta ce masa tashi.

Likitoci sun gano inda wannan aiki ya fi dogara a jiki. Kowane ɓari na ƙwaƙwalwa yana da manyan sassa huɗu, mafi girmansu shi ne na gaba, wanda ke bayan goshi. Da shi mutum ke danne abin da ransa ya raya masa, da shi yake riƙe saƙo a ka har ya isar, da shi yake tsara aiki daki-daki, ya kuma sake dabara in ta farko ta ƙi. To, wannan sashe shi ne na ƙarshen nuna, sai wajen shekara 25 yake kammala, alhali sassan da ke kwaɗayin daɗi da yabon abokai tun lokacin balaga suke tashe. Ɗalibinka yana tsakanin nan. Da magabata suka ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ba idon yaro suke zargi ba, don sun riga sun ce hankali ke gani, ido gululu ne. Sai dai kada mu manya mu yi saurin bugun ƙirji: rashin barci da giya da ƙwaya suna raunana wannan sashe ko a kan mai furfura.

Wasiƙa ta biyu ta fi nauyi. Wata baiwar Allah ta ce ƙanenta ya faɗo daga kabu-kabu ba hular kwano, goshinsa ya daki kwalta. Ya warke, yana tafiya, yana magana, ya gane kowa. Amma mutumin da a da ko sunan surukinsa ba ya iya faɗa don kunya, yau ashar yake yi a gabansa, ya fara aiki ya watsar. Wasu sun ce iska ce, wasu sun ce "hali zanen dutse", dama ɓoyewa yake yi. Tana tambaya ko karin maganar ta hau kansa.

Ƴar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ba ta hau ba. Ana faɗin "hali zanen dutse" ne a kan mai lafiya wanda aka yi ta yi wa faɗa ya ƙi bari. Ɗora ta a kan wanda ya bugu a ka zalunci ne, kuma ɓata karin magana ne.

Irin wannan ya taɓa faruwa, har ya shiga littattafan likitanci. Ran 13 ga Satumba 1848, a jihar Bamont ta Amurka, wani shugaban leburorin shimfiɗa layin dogo mai suna Phineas Gage, ɗan shekara 25, yana danna albarushi cikin ramin dutse sai abin ya tashi. Sandar ƙarfen da ke hannunsa, mai tsawon sama da mita 1 da nauyin kusan kilo 6, ta shiga ta kumatunsa na hagu, ta ratsa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, ta fita ta tsakar kai. Bai mutu ba, bai manta magana ba. Likitansa, John Harlow, ya ba da rahoto a 1868 cewa mutumin da a da aka sani da natsuwa da iya tsara aiki ya koma mai ashar, marar haƙuri, mai ƙulla shiri ya kwance nan take, har abokansa suka ce ba shi ba ne. Abin da masu ba da labarin kan tsallake shi ne daga baya ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki na fasinja a ƙasar Cile, aikin da ba ya yiwuwa sai da lura da kiyaye lokaci, kafin ya rasu a 1860. Wato ana samun sauƙi.

Haɗarin babur yakan taɓa wannan sashe na gaba ne saboda ƙashin da gaban ƙwaƙwalwa ke zaune a kai yana da kaushi daga ciki, in kai ya bugu sai ta gogu da shi. Ku mai da shi asibiti, in ta kama a tura ku Yamai wurin likitan ƙwaƙwalwa, kuma ku faɗi sauyin halin dalla-dalla, don shi da kansa ba lalle ya lura ba. A gida a riƙa ba shi aiki ɗaya-ɗaya, a lokaci sananne, a rage masa hayaniya da gardama.

Batun abin da za a kira shi kuwa, "mahaukaci" bai dace ba, "ya taɓu" ma tana jan hankalin mai ji zuwa ga iskoki. In an tambaye ki, ki ce ya ji rauni ne a ƙwaƙwalwa, yana jinya.